Ma'aunin Pt100 da allon MAX31865 a cikin ruwan naitirojin

Ɗaliban kimiyya a Bauchi da ke gwada yadda jan ƙarfe ko alminiyam ke riƙe zafi cikin tsananin sanyi za su ci moriyar wannan haɗin, muddin sun san iyakarsa. MAX31865 ƙaramin allon lantarki ne da ke karanta Pt100 ya mayar da karatun lambobi. Pt100 kuwa ma'aunin zafi ne na siririn filatinam da turjiyarsa ga wutar lantarki ke om 100 a kan ƙanƙara, ta sauko wajen om 20 a ruwan naitirojin, wato digiri 196 ƙasa da sifiri. An tsara shi ya kai 200 ƙasa da sifiri. Aikin ruwan hiliyam, wanda ya fi naitirojin sanyi, kuwa ya fi ƙarfinsa.

A sayi Pt100 mai waya huɗu. A mai waya biyu, om 1 na wayar kanta yana ƙara sama da digiri 2 na ƙarya, kuma turjiyar wayar tana sauyawa da zarar rabinta ya yi sanyi, don haka ba a iya cire ta da lissafi.

Babban aibin allon shi ne wutar da yake turawa cikin ma'aunin. Da rizista (abin rage wuta) mai om 430 a kan allon takan kai miliyamfa 4, alhali 1 ake so. A cikin ruwa ba a damu ba, amma a jikin ƙaramin guntun ƙarfe ma'aunin yana ɗumama abin da yake aunawa. A kunna shi lokacin karatu kawai.

Wayar ma hanyar zafi ce. A naɗe ta sau da yawa a jikin ƙarfen kafin ta fito waje, a shafa man Apiezon N, maiƙon da ke taimaka wa zafi ya ratsa, a ramin da ma'aunin zai zauna. Rigar waya ta robar PVC takan ƙage ta tsage kamar busasshiyar ƙwarya, sai a nemi ta Teflon. Da damina raɓa na taruwa a bakin bututun da ma'aunin ke ciki, ta shige ta daskare, lambobi su yi ta tsalle.

Kafin aiki a gwada shi a ƙanƙara mai narkewa, sannan a naitirojin. Bauchi tana kan tudun da ya kai mita 600, saboda haka naitirojin na tafasa kusan rabin digiri ƙasa da abin da littafi ya ce. Kada a ɗora wa na'urar wannan laifin.

Ga darasin aji ya isa ƙwarai. Mai neman daidaito ƙasa da rabin digiri ya ajiye allon, ya haɗa Pt100 ɗin da mitar tebur ta auna turjiya mai waya huɗu.