Daga Birmingham: Malaman Sakandare a Nan Yara Ne Ƙanana

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kuna lafiya, a gaida Hajiya da yara. Ka ce in ba ka labarin makarantun nan, tunda kai ne malamin gidanmu.

Makarantar gwamnati kyauta ce, ba a biyan ko sisi na kuɗin karatu. Abin da ke cin aljihu yunifom ne, musamman kwat ɗin nan mai tambarin makaranta, sai kuɗin abincin rana. Ɗakin gwajin kimiyya kuwa a cike yake da kaya, wuta ba ta ɗaukewa.

Maganar malamai ce ta fi ɗaure min kai. Duk ranar ganawar iyaye da malamai, sai ka iske mai koyar da lissafi bai kai shekara 30 ba, wani ma ka rantse ɗalibin ajin ƙarshe ne. Rahotannin OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashen da galibinsu masu arziki ne, sun daɗe suna sa Birtaniya cikin ƙasashen da malamansu suka fi ƙuruciya. Kada ka ɗauka son aikin ne ya tara matasan. Ba sa zama ne. A Ingila, kusan ɗaya cikin uku na sababbin malamai suna ajiye aikin cikin shekara 5. Maki da shirin darasi har dare, ga fargabar zuwan masu sa ido na Ofsted, hukumar duba makarantu, ga yaran da ba ka isa ka ɗaga musu murya ba. Wasu su tafi Dubai ko Ostireliya, wasu su koma kamfani. A 2023 albashin farawa ya kai fam 30,000 a shekara, amma haya da haraji ba sa barin komai. Uwa ta saba da malamin ɗanta, shekara na zagayowa ta tarar da sabuwar fuska.

Italiya kuma akasin haka. Fiye da rabin malaman sakandarensu sun kai shekara 50 ko sun haura. Can shigar ce da wuya: matashi ya yi shekaru yana aikin wucin gadi, yana jiran jarrabawar ɗaukar aiki, kafin ya samu gurbin dindindin furfura ta fito.

Mu a gida, dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta kai ritayar malami shekara 65, ko 40 a bakin aiki. Matasan da ke ajin, ka fi ni sani, da yawansu 'yan bautar ƙasa ne, su ma shekara guda sun kama gabansu.

Batun ɗanka mai koyar da fizis da neman aiki a nan: a 2023 Ingila ta buɗe wa malaman lissafi da kimiyya na Najeriya da Ghana ƙofar neman shaidar koyarwa ta nan. Shaidar ba biza ba ce. Sai wata makaranta ta ɗauki nauyinsa tukuna, don haka kada ya ba wani dillali ko kwabo.