Kwana shida a Lofoten da kyamara: abin da na biya da abin da na samo

A ƙarshen Fabrairun 2024 na bi wani ayarin masu ɗaukar hoto zuwa tsibiran Lofoten da ke arewacin Norwe, kuma tun da na dawo abokai ke tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ta biya, amma ba ta inda na zata ba.

Ni a gidajen biki na koyi ɗaukar hoto, a Zariya, kafin karatu ya kawo ni Jamus. Amarya da ƙawayenta na saba da su, ba dutse da teku ba. Shi ya sa na gwammace in biya jagora da in yi hayar mota in shiga ƙanƙara ni kaɗai. Mu bakwai ne, jagora ɗaya, kwana shida. Kuɗin ya haɗa da masauki da mota da koyarwa; tikitin jirgi da abinci kuwa kowa tasa ta fisshe shi. A riƙe wannan da kyau, don a Norwe burodi da madara kawai za ka saya ka tsaya kana sake duba rasit.

Daga Oslo na hau jirgi zuwa Bodo, daga nan wani ƙaramin jirgi mai farfela ya tsallaka da mu garin Leknes da ke Lofoten cikin ƙasa da rabin awa. Jagoran ya kwashe mu a mota, muka bi titin E10, har da wani rami da aka haƙa a ƙarƙashin teku, muka sauka a ƙauyen Hamnoy. Masaukin irin jajayen ɗakunan katakon masunta ne da suke kira rorbu, an kafa su a kan turaku, ruwa na kaɗawa a ƙarƙashinka. Ɗumi kam ba a magana. Har daɓen banɗaki ɗumama shi ake yi, abin da na gode wa Allah a kansa duk asuba wajen alwala.

Abin da na biya kuɗi a kansa na gaskiya shi ne sanin yanayi da jagoran yake da shi. Lofoten na kan digiri 68 arewa, amma ɗumin igiyar ruwan da ke zuwa daga kudu ya sa sanyin ba ya wuce gona da iri. Ma'aunin zafi na yawo ne kusa da sifili. Iska ce matsalar, da yadda sama ke sauya fuska kafin ka gama shan shayi. Rana ta biyu a gaɓar Uttakleiv dusar ƙanƙara ta taso a kwance, tana dukan fuska kamar tsakuwa, ko ƙafar kyamarata ba na gani sosai. Na naɗe kaya zan koma mota. Jagoran ya riƙe mini hannun riga, ya nuna wani ɗan fari can yamma, ya ce in ba shi minti goma. Ba a kai goman ba hadarin ya tsage, rana ta zubo a kan baƙaƙen duwatsun gaɓar, kowannensu ya ɗaura farin rawani. Hasken bai wuce minti huɗu ba. Da ni kaɗai ne, da a cikin mota zan kalle shi ta gilashi.

Ya kuma koya mini ƙananan abubuwa masu amfani. Farin ƙanƙara kan ruɗi kyamara ta rage haske, sai hoton ya fito ruwan toka, don haka kai za ka ƙara da hannunka. Batir kuma a aljihun ciki ake ajiye shi, kusa da jiki. Sannan kafin ka shiga ɗaki mai ɗumi ka ƙulle kyamara a jaka ta huce a hankali. Wannan na ukun na yi kunnen ƙashi da shi ranar farko, idon kyamarar ya yi gumi ciki da waje, na yi zaman awa guda ina kallon wasu suna aiki.

To ga inda aka ɓata mini rai. A tallarsu masu shirya tafiyar sun ce wuri ne na kaɗaici, kai da duwatsu kawai. Da asuba muka fita gadar Hamnoy, inda ake ɗaukar jajayen ɗakunan nan da tsauni a bayansu, sai na tarar da masu kyamara jere kamar layin mai. Na ƙirga ashirin da wani abu na daina. Kowa hoto ɗaya yake ɗauka, wanda tun kafin ka zo ka gan shi sau ɗari a intanet. Safiya uku aka kai mu gadar nan. Biyu sun isa, ɗaya ma ta isa. Koren hasken nan mai rawa a sama da dare a can arewacin duniya, da ake kira aurora, wanda hotonsa ya cika shafinsu, dare ɗaya muka gan shi, shi ma a ido kamar hayaƙi, sai a kyamara ya fito kore. Wannan ba laifin kowa ba ne, amma kada wani ya sayar da gona saboda shi. Kuma jagora ɗaya ga mutum bakwai ya yi kaɗan. Masu manyan kaya da yawan surutu su ke cinye lokacinsa. Ya hana mu hawa dutsen Reinebringen saboda santsi da zaftarewar ƙanƙara, na ji haushi a lokacin, amma gaskiyarsa ce.

Rana ta biyar, a hanyar ƙauyen Å inda titin ya ƙare, wani wari ya shigo motar, warin da hancina ya sani. Manyan rumfunan katako ne a bakin hanya, an rataye kifi bibbiyu, an ɗaure su ta wutsiya. Jagoran zai wuce, wai wannan ba ya cikin tsari. Na roƙe shi ya sauke ni ya dawo.

Wani dattijo na rataye kawunan kifi da aka shirya a igiya, ya tambaye ni daga ina. Da na ce Najeriya sai ya ƙyalƙyale da dariya, ya nuna kawunan, ya ce ai waɗannan naku ne. Daga Janairu zuwa Afrilu kifin kod kan gangaro daga tekun Barents ya yi ƙwai a nan, masunta su kama, a shanya shi wata uku a iska ba gishiri ba hayaƙi har ya zama kamar itace. Gangar jikin yawanci Italiya ake kai ta, kawunan kuma Najeriya. Shi ne okporokon da na taso ina gani a kasuwar Sabon Gari, wanda maƙwabciyarmu 'yar Ibo ke jefawa a miya warin ya cika layi. Ban taɓa tambayar daga ina yake zuwa ba. Minti arba'in na yi a ƙarƙashin rumfar, yatsuna sun ƙage, ina ɗaukar kawunan nan da bakunansu a buɗe, ƙanƙara ta taru a ciki, tsauni na leƙowa ta tsakanin katakai. Da dare muka ci soyayyen harshen kifin, wanda yaran garin ke yankewa su sayar su tara kuɗin kansu. Musulmi ba zai sha wahalar abinci a can ba muddin yana cin kifi.

Wanda bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba, ya biya jagora, amma ya nemi ayarin da bai wuce mutum huɗu ko biyar ba, ya kuma tambayi tsarin kowace rana a rubuce. Ya guji Disamba, don kusan wata guda rana ba ta fitowa sam. Ya sayi ƙusoshin da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi, da safar hannu biyu, siririya a ciki.

Hoton kawunan na fara aika wa Hajiyarmu ta WhatsApp. Ta turo saƙon murya tana cewa, "Yanzu duk kuɗin nan da ka kashe, kan kifi ka je ɗauka? Ai da ka faɗa mini, da na aiki yaro Sabon Gari."