Yadda kurame da makafi ke ɗaukar lacca a Ingila

Yaya, bayan gaisuwa, ga amsar tambayarka kan ɗalibai masu buƙata ta musamman a jami'o'in nan, tunda 'yarmu na shirin zana JAMB.

Bari in fara da matsalar ji, don ita ta shafe mu. Zaurukan lacca da yawa an zagaye su da wata waya a ɓoye. Malami zai maƙala makirfo a wuyan riga, ɗaliba ta juya na'urar kunnenta zuwa "T", sai muryarsa ta shigo mata kai tsaye, ba surutun 'yan baya. Wasu kuma suna yawo da ɗan makirfon Roger na kamfanin Phonak, su ajiye shi gaban mai magana. Wanda ba ya ji sam, a haɗa shi da tafintan maganar hannu ko mai rubuta masa darasi. Ana naɗar lacca da rubutu a ƙasan bidiyo, kodayake rubutun yakan kwafsa, musamman a sunaye.

Makafi suna amfani da manhajar da ke karanta musu allon kwamfuta. JAWS tana da tsada, amma NVDA kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostireliya suka samar da ita, kuma ko daga Kano ana iya sauke ta.

Gwamnati na ba 'yan ƙasa tallafin DSA, wato kuɗin ɗalibai masu buƙata ta musamman, na sayen waɗannan kaya, ba bashi ba ne. Ɗan ƙasar waje galibi ba ya samu, kada wani ya ruɗe ku. Sai dai dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa jami'a ta sauƙaƙa wa kowane ɗalibinta.

Mu ma a Najeriya muna da dokar kare masu buƙata ta musamman, Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019. Abin da ke ci min rai shi ne, mafi amfanin abin da na gani a nan ba ya cin ko sisi: malami ya ɗora darasinsa a intanet kafin ranar lacca, kurma ta karanta tun a ɗaki, makaho ya saurara. A gida kuwa sai a miƙa wa makaho takardar da aka yi fotokwafi, ko malami ya juya wa aji baya yana magana alhali kurma leɓensa take kallo.

Kafin ta cike fom, ka taka da kanka zuwa sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero, ka tambaya ko suna da tafinta a kwas ɗin da take so. A gaida Inna.