Hattara da masu tallar "tsohuwar Vespa 'yar Italiya" a intanet

Jama'a, akwai wata damfara da ke yawo yanzu a Facebook da zaurukan WhatsApp, kuma masu sha'awar tsofaffin babura take farauta, musamman masu neman Vespa irin wadda iyayenmu malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati suka hau a shekarun 1970 da 1980. Ba zan kama suna ba, don shafin da ka gani yau gobe ya sauya suna da lambar waya. Salon dai guda ne. Za ka ga hoton Vespa tana ta sheƙi, an rubuta a ƙasa: "Ta wani dattijo ce, tunda ya rasu take kulle a ɗaki, magada ke buƙatar kuɗi." Kana yin magana sai a ce maka akwai mutum biyu a gabanka, ka tura kafin alƙalami a riƙe maka, ciko sai direba ya iso da ita tasha. Kana turawa waya ta mutu, shafi ya toshe ka. Hoton ma daga shafin wani mai tara babura a Turai aka kwafo shi.

Wannan mai sauƙin kaucewa ce. Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce wadda babur ɗin yana nan da gaske, za a kai ka ka gan shi, har a buga maka shi ya tashi.

Sai an san yadda aka ƙera Vespa kafin a gane haɗarin. Tun 1946 da kamfanin Piaggio ya fito da ita a garin Pontedera na Italiya, injiniya Corradino D'Ascanio, wanda aikin jiragen sama ya sani, bai yi mata firam na bututun ƙarfe irin na sauran babura ba. Faranti ne na ƙarfe aka matse aka haɗa, shi ne bodin, shi ne kuma ƙashin bayanta. Wurin da kake ɗora ƙafafu shi ke riƙe da gaba da baya. In tsatsa ta cinye wurin nan, ba kwalliya ce ta lalace ba, ƙarfin babur ɗin ne ya tafi.

To abin da waɗannan mutane ke yi shi ne su nemo matattun Vespa biyu ko uku, su yanko gaban wannan da bayan waccan, mai walda ya liƙa, a shafe da fila (ƙullun da masu gyaran bodi ke cike lotsawa da shi) mai kauri, a goge, a fesa fenti, a maƙala kayan ƙyalƙyali. Ba a nan aka fara ba. Masu tara Vespa a Ingila da Amurka sun daɗe suna kokawa da irin wannan aiki a baburan da ake "gyarawa" a Biyetnam da Indonesiya a tura musu. Yanzu abin ya iso mana.

Na duba wata da aka kawo wa wani ɗan'uwa. Daga nesa ba ka ce komai ba. Da bakanike ya ɗora maganaɗisu a gefen matakar ƙafa sai ya zame ya faɗi ƙasa, don fila ce zalla a wurin, babu ƙarfen da zai kama. Muka kwantar da ita muka leƙa ƙarƙashi, ga layin walda ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, an shafe shi da baƙin fenti. Da aka tsaya ta bayanta aka hango, tayar gaba da ta baya ba su kan layi ɗaya. Ka yi tunanin mutum ya ɗauko iyalinsa a kan wannan, ya faɗa rami da gudu. Asarar kuɗi ana mayarwa, wannan maganar rai ce.

Akwai kuma sauya tambari. Kamfanin Bajaj na Indiya ya yi shekaru yana ƙera Vespa da izinin Piaggio, daga baya a 1972 ya fito da Chetak, wadda aka ɗauko siffarta daga Vespa Sprint. Haka kamfanin LML, shi ma na Indiya, ya ƙera mai kama da Vespa PX, wadda Piaggio ya fitar a 1977. Babura ne masu ƙarko, ni ban raina su ba ko kaɗan, kuma wanda ya saya da saninsa ya yi ciniki mai kyau. Zaluncin shi ne a ɓamɓare tambarin Bajaj a liƙa na Piaggio, a sayar maka a farashin 'yar Italiya.

Lamba ke tona su. Ka cire murfin gefe ka nemi lambar da aka buga a jikin bodi, sannan ka duba ta jikin inji. Lambar bodin Vespa 150 Super tana farawa da VBC1T, ta injinta VBC1M. Sprint 150 kuwa VLB1T ce, injinta VLB1M, PX150 ta farko VLX1T. Ita Super tayarta inci 8 ce, Sprint inci 10, saboda haka in aka ce maka Sprint ce ka ga ƙananan tayoyi, zare ba kalar yadin ba ne. Ka sa yatsa ka shafa wurin lambar. In ka ji kamar an yanko ɗan faranti an liƙa, ko haruffan sun karkace wani sama wani ƙasa, ko an cika wurin da fenti har ba ya karantuwa, ka kama gabanka. Lambar da aka goge tana iya nufin kayan sata ne, kuma ranar da mai shi ya gane abinsa, a hannunka za a same shi.

Na san abin da ke jan mu. Ƙarar injin nan, da warin baƙin mai da aka gauraya da fetur, da giyar da ake murɗawa a hannun hagu, duk suna tuna wa mutum mahaifinsa. Da wannan shauƙin suke cin mu, shi ya sa labarin "marigayi" ba ya barin bakinsu. In da gaske na magada ne, su haɗa ka da magadan ido da ido, a ga tsohon rasit ko takardun rajista, a gwada lambar da ke takarda da wadda ke jikin ƙarfe. Mai gaskiya ba ya ƙin wannan. Wanda ya ce maka "ai tsohon babur ba ya da takarda", ko ya hana ka zuwa da bakanikenka, ko ya ƙi kiran bidiyo ya nuna maka lambar a take, ya riga ya ba ka amsa.

Kar ka tura ko sisi kafin ka taɓa babur ɗin da hannunka, da rana, a fili. Ka je da tsohon bakaniken Vespa, har yanzu akwai su a garuruwanmu, ka biya shi ladansa. A rubuta takardar ciniki da shaidu, a sa lambar bodi da ta inji a ciki.

Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, kar kunya ta sa ya yi shiru. Ya ɗauki hoton duk hirar da shafin kafin a goge, ya ajiye shaidar tura kuɗin, ya garzaya bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi kan asusun da ya karɓa, sannan ya kai rahoto wurin 'yan sanda ko EFCC. Ya kuma sanar da masu kula da zauren da ya ga tallar, don suna nan suna sake ɗora hoton da sabon suna.