MacBook Air a Bauchi: batirinta ya ci kuɗinsa, amma ba kowa ya kamata ya saya ba

Farashin MacBook Air mai inci 13 da Apple ya fitar a Maris 2025 ya fara ne daga dala 999 a Amurka, kuma tun da aka saki naira a kasuwar canji a Yunin 2023, kafin irin wannan kwamfuta ta iso hannun mai saye a Bauchi kuɗinta ya wuce naira miliyan ɗaya nesa ba kusa ba. Kuɗin zai sayi sababbin laftof masu araha biyu ko uku. Wadda nake aiki da ita ita ce ta 2022 mai ƙwaƙwalwar M2, kuma aikina rubutu ne da lissafi da taro ta intanet, don haka a kan wannan ma'auni zan yi hukunci.

Abin da ya fi komai daraja a jikinta shi ne batir. Kamfanin ya ce tana kai awa 18 ana kallon bidiyo. A aiki na zahiri, da intanet a kunne da hasken allo a sama, ba ta kai haka, amma tana ɗaukar mutum daga safe har bayan la'asar ba tare da ya nemi soket ba. Mai zama inda wuta ba ta yankewa zai ga wannan ƙarin jin daɗi ne kawai. A nan kuwa shi ne bambancin aiki da zaman jira, musamman ga wanda ya tuna 2024, shekarar da aka lalata turakun manyan layukan wuta har Arewa maso Gabas ta daɗe cikin duhu. Cajarta wat 30 ce kacal, saboda haka ƙaramar sola ko fawabank mai ƙarfi ta USB-C tana cika ta. Duk wanda ke tayar da janareta don kwamfuta ɗaya tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, ya lissafa kuɗin fetur na shekara ya cire daga farashin, zai ga tsadar ta ragu a idonsa.

Ba ta da fanka a ciki ko ɗaya, kuma wannan yana da amfani da illa. A lokacin hunturu, idan mai gyara ya kwance laftof mai fanka, za ka ga ƙura ta dunƙule a bakin iskar kamar auduga, sai ya sa buroshi ya kakkaɓe kafin zafinta ya sauka. MacBook Air kuwa ba ta shaƙar iska, balle ta tara ƙura. Illar tana fitowa ne a watan Maris da Afrilu: Apple ya ƙayyade a yi aiki da ita tsakanin digiri 10 zuwa 35, alhali zafin bazara a Bauchi yakan kusanci 40. Rubutu da lissafi ba sa nuna komai, amma idan aka ɗora mata haɗa dogon bidiyo da tsakar rana a ɗakin da babu sanyi, ƙarfen saman madannan yana ɗumi sosai, ita kuma ta rage gudu da kanta don kada ta lahanta.

Allonta yana da haske da kyawun launi, madannai da lasifika babu abin kushewa, jikin alminiyon kuma ba ya lanƙwasa a jaka. Suna da daɗi, sai dai ba su kaɗai za su sa in biya miliyan ba.

Inda take da nauyi a wuya shi ne gyara. Ram, wato ƙwaƙwalwar aikinta ta wucin gadi, da ma'adanarta manne suke a jikin bod, wato babban faifan da kayan cikinta ke kai, ba a cirewa ba a ƙarawa. Wanda ya sayi mai ram 8GB da ma'adana 256GB, da haka zai zauna har ya rabu da ita. Sai a ƙarshen 2024 ne kamfanin ya mayar da 16GB mafi ƙaranci. Apple ba shi da shagon kansa a Najeriya, kuma idan allo ya fashe ko shayi ya zube a kan madannai, yawanci sai an nemo kaya daga Kano ko Abuja ko Computer Village ta Ikeja, a kan kuɗin da zai iya sayen wata laftof ta hannu. Ramukan USB-C biyu ne kawai, don haka filas ta gargajiya da majigin ɗakin taro duk sai da adafta, wadda mantawa da ita a gida kan lalata wa mutum shiri.

Ga ɗaliban injiniyanci da zanen gine-gine na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, akwai abin da ya fi wannan muhimmanci. Manhajojin zane da taswira irin su Revit da SolidWorks da ArcGIS Pro duk na Windows ne, ita kuwa MacBook ba da Windows take zuwa ba. Uban da ya saya wa ɗansa MacBook don waɗannan darussa ya kashe kuɗi mai yawa, ɗan kuma zai koma aron ta abokinsa.

A ganina, mafi yawan masu saye a garin nan ba sabuwa mai tsada suke bukata ba, ba kuma sabuwa mai araha ba, irin mai ƙaramar ƙwaƙwalwar Celeron da ram 4GB da jikin roba, wadda maƙallin murfinta kan fara ƙara tun ba a je ko'ina ba. Abin da ya fi musu riba shi ne tokumbo daga cikin waɗanda aka ƙera wa ma'aikatun Turai da Amurka: ThinkPad T480, ko EliteBook 840 G5, ko Latitude 7490, dukkansu na 2018. A zamaninsu su ne masu tsadar, kuma ingancin ginin yana nan. Ana ƙara musu ram, ana sauya ma'adana da batir, masu gyaranmu kuma sun san cikinsu sarai. Batirinsu ba zai kamo na MacBook ba ko da sabo ne, wannan kam sai haƙuri.

Mai sayen tokumbo ya lura cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 tana neman ƙwaƙwalwar Intel ƙarni na 8 ko sama da haka, don haka kada arha ta ruɗe shi ya ɗauki ƙarni na 6 ko na 7. Ya sa a kunna ta a gabansa ba caja, ya tabbatar babu kalmar sirri a BIOS, wato saitin tushe da ake shiga kafin Windows ta tashi. Idan kuwa MacBook ce ta hannu, kada ya miƙa ko sisi sai mai ita ya fita daga asusunsa na Apple, wato iCloud, a nan cikin shago, domin wadda aka kulle ba ta buɗuwa sai da asusun mai ita na asali.