Takrolimus ko saiklosporin bayan dashen ƙoda

Duk wanda aka yi wa dashen ƙoda sai ya riƙa shan maganin danne garkuwar jiki muddin ƙodar na aiki, in ba haka ba jiki zai far mata kamar abokiyar gaba. Magunguna biyu suka fi suna a nan, kuma aikinsu iri ɗaya ne: suna toshe sinadarin kalsiniyurin, sai ƙwayoyin garkuwa nau'in T su kasa tashi.

Saiklosporin ne ya fara fitowa. Daga naman gwari aka samo shi, Amurka ta amince da shi a 1983, kuma shi ya mayar da dashe aikin da ake sa ran nasararsa. Sai dai yana kumbura dasashi har ya hau kan haƙora, yana tsiro da gashi a fuska, yana ɗaga hawan jini. Matashiyar da ta ga fuskarta ta sauya tana iya daina sha a ɓoye, wannan kuwa shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali.

Takrolimus an gano shi a Japan a 1984, cikin wata ƙwayar bakteriya da ke rayuwa a cikin ƙasa. Wani bincike kan masu dashen ƙoda mai suna Symphony, na 2007, ya nuna ya fi hana jiki ƙin ƙodar, shi ya sa yawanci da shi ake farawa yau, kuma ina ganin daidai ne. Illarsa ita ce rawar hannu, zubewar gashi da haɗarin ciwon sukari. Wanda sukari ke bin danginsa, likita na iya karkata zuwa saiklosporin.

Dukansu suna iya lahanta ƙodar da suke karewa, don haka awon jini a kai a kai ya zama dole ga mai shan kowanne.