Matatar saƙon Gmail: ta iya rarrabewa, amma sharewa ba nata ba ne

Wajen tura rasit ɗin banki gefe guda, tallace-tallace wani gefe, matatar Gmail (filter, wato dokar da ake kafawa ta rarraba saƙonnin imel da kanta) ba ta da matsala, kuma kyauta ce. Inda take ba da kunya shi ne zaɓin "Delete it", domin ta kan haɗa har da saƙon abokin ciniki ko na ɗan'uwa ta zuba a kwandon shara ba tare da ta ce uffan ba.

Yawanci laifin yana gurbin "Has the words". Wannan gurbi ba taken saƙo kaɗai yake dubawa ba, yana karanta jikin wasiƙar har da sa hannun ƙasa da tsohon rubutun da aka maido cikin amsa. Wanda ya ce a share duk mai ɗauke da kalmar "unsubscribe" zai rasa saƙon abokin da ya turo masa wata sanarwa mai wannan kalma a gindinta. Haka gurbin "From": in aka rubuta suna kawai maimakon cikakken adireshi, duk mai wannan suna ya shiga tarko.

Babban raunin kuwa shi ne Gmail tana aiwatar da duk matatar da ta dace da saƙo, babu wadda ke tsayar da wata. Mutane kan ƙirƙiri sabuwa mai "Never send it to Spam" su ɗauka sun kare adireshin. Ina! Wannan daga Spam (jakar saƙonnin banza) kaɗai take karewa, mai sharewa tana nan tana aikinta. Outlook, imel ɗin Microsoft, ya fi ta a nan, don yana da jeren dokoki da zaɓin tsayar da sauran. Gmail ba ta ma da sharaɗin "in mai aikowa yana cikin lambobina", kuma ba ta faɗin wace matata ce ta share saƙo.

Gyaran sai a kwamfuta, manhajar waya ba ta nuna matatu. A fara da rubuta in:anywhere from: da adireshin mutumin a gurbin bincike, a dawo da saƙon da wuri, don kwandon shara kwana 30 yake riƙewa. Sannan a shiga "See all settings", a buɗe "Filters and Blocked Addresses", a kwafi sharaɗin kowace matata mai sharewa a liƙa shi a bincike tare da in:anywhere. Wadda ta fito da saƙon, ita ce mai laifin. A ƙara mata -from: da adireshin don ta riƙa tsallake shi, ko a musanya sharewa da "Skip the Inbox" haɗe da laƙabi (label).

Tunda babu maɓallin dakatar da matata, a danna "Export" a ajiye kwafinta kafin a goge. In kuma aka ga matatar da ba a san wanda ya ƙirƙira ba, a canza kalmar sirri nan take. Masu kutse kan dasa irinta don ɓoye sanarwar banki.